Don me Faransa ta saki Kanada ta rungumi tsibirin rake a sulhun 1763?

Wani mai bibiyar abin da nake rubutawa kan tarihin Turai ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, na karanta cewa a yarjejeniyar sulhun da aka sa wa hannu a birnin Faris a 1763, Faransa ta sallama wa Ingila Kanada ɗungurungum don a mayar mata da wani ɗan tsibiri mai suna Guadeloupe, wanda da ƙyar ake ganinsa a taswira. Wauta ce, ko kuwa sayen wakilansu aka yi?"

Ba wauta ba ce, ɗan'uwa, kuma babu wanda ya sayi wakilan Faransa. A Landan ne ma aka yi ta raɗe-raɗin cewa Faransawa sun sayi firaministan Ingila, Lord Bute, saboda sassaucin da mutanen gari suke ganin ya yi musu, zargin da ba a taɓa tabbatarwa ba. Abin da ya ruɗe ka shi ne taswirar yau. Kana kallon Kanada mai alkama da man fetur da manyan birane, su kuwa mutanen 1763 littafin lissafin baitulmali suke dubawa, kuma a cikin wannan littafin Kanada tana shafin asara, Guadeloupe tana shafin riba.

Akwai kuma gyara ɗaya a tambayar. Ranar da aka zauna ciniki, babu ko ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ke hannun Faransa. Guadeloupe ta faɗa hannun Ingilishi a watan Mayun 1759, birnin Quebec a watan Satumba na wannan shekarar, Montreal a Satumbar 1760, tsibirin Martinique a farkon 1762. Saboda haka zaɓin na Ingila ne: me za ta riƙe, me za ta mayar. Aikin ministan Faransa, Choiseul, shi ne ya tantance abin da zai kafe a kai har sai an ba shi, da abin da zai sa wa ido ya tafi.

Yaƙin da ake magana shi ne wanda Turawa ke kira Yaƙin Shekara Bakwai, 1756 zuwa 1763, ko da yake wutar ta kama tun 1754 a dajin kwarin Ohio, inda wani matashin hafsa ɗan shekara 22 daga Virginia, George Washington, ya yi wa wata tawagar sojan Faransa kwanton ɓauna. Don ka san zamanin da muke ciki, a wannan shekarar ce aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta. Daga dajin Ohio rigimar ta haɗe da ta Turai: Ingila da Prussia a gefe ɗaya, Faransa da Ostiriya da Rasha da Suwidin a ɗaya gefen, daga baya Sifaniya da Fotugal suka shigo. Dabarar William Pitt, wanda ya ja ragamar yaƙin a Landan, mai sauƙin faɗa ce. Yana biyan sarki Frederick na Prussia fam 670,000 duk shekara don ya shagaltar da Faransa a Jamus, shi kuma yana aika jiragen ruwa suna tsince mata ƙasashen mallaka ɗaya bayan ɗaya. A 1759 rundunar ruwan Faransa ta sha kashi sau biyu, a gaɓar Lagos ta ƙasar Fotugal da kuma a mashigin Quiberon, daga nan ba ta sake iya kai wa kowa ɗauki ba.

Abin da ya faru a Quebec a 1760 ya isa ya nuna maka yadda abin yake. Kowa ya san labarin faɗuwar birnin a 1759, inda kwamandojin ɓangarorin biyu, Wolfe da Montcalm, duk suka rasa rayukansu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a watan Afrilun 1760 Faransawa sun dawo ƙarƙashin Janar Lévis, suka ci Ingilishi da yaƙi a Sainte-Foy, suka kora su cikin ganuwar birnin suka yi musu ƙawanya. Na ciki ciwo da yunwar hunturu sun cinye su, na waje kuma ba su da isassun igwa da albarushi. Sai kowa ya zuba wa kogin St. Lawrence ido, ana jiran ƙanƙara ta narke a ga jirgin wa zai fara ɓullowa. A watan Mayu jirgi ya ɓullo, ɗauke da tutar Ingila. Lévis ya tattara nasa ya nasa ya koma Montreal. Duk ministan da ya karanta wannan rahoton a Faris ya fahimci cewa ko an mayar masa da Kanada a kan takarda, ba zai iya riƙe ta ba muddin Ingila ce ke da teku.

To, mece ce Kanada a lokacin? Faransawan da ke zaune cikinta ba su wuce dubu sittin zuwa saba'in ba, akasarinsu manoma a bakin kogi ɗaya, kogin da ke daskarewa kusan wata biyar a shekara. Maƙwabtansu na kudu, yankuna goma sha uku na Ingila, sun kai mutum miliyan ɗaya da rabi. Babban abin da Kanada ke fitarwa shi ne fatun dabbobin daji masu laushin gashi, musamman na wata dabbar ruwa da ake yin malafar manya da gashinta, kuma kuɗin da ake samu bai kama ƙafar abin da sarki ke kashewa wajen gina ganuwa, ciyar da soja da raba kyaututtuka ga ƙabilun da ke ƙawance da shi ba. Ga kuma ɓarayin gwamnati. Jami'in kuɗin yankin, François Bigot, da mutanensa sun yi ta sayar wa sarki kayan sarki da tsada, har aka gurfanar da su a Faris bayan yaƙi, aka kore shi daga ƙasar a 1763. Marubucin nan Voltaire ya yi wa Kanada shaguɓe a 1759 da cewa 'yan kadadun ƙanƙara ce, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayin a Versailles, fadar sarkin Faransa, ba.

Guadeloupe kuwa, wadda ke tekun Karibiyan, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 1,600 da 'yan kai ba, amma rake take nomawa, kuma a ƙarni na 18 sukari shi ne hajar da ta fi kowace kawo kuɗi a cinikin Tekun Atlantika. Turawa sun koyi shan shayi da gahawa da cakulan, dukkansu masu ɗaci ne in babu sukari. Faransa ta fi Ingila cin moriyar wannan ciniki ta wata fuska: Ingilishi suna shanye kusan duk sukarin da tsibiransu ke kawowa, Faransawa kuwa suna sauke nasu a Bordeaux da Nantes, su sake loda kaso mai yawa zuwa Amsterdam da Hamburg su sayar wa sauran Turai. Kuɗin waje ke nan tsababa. Babbar saniyar tatsarsu, Saint-Domingue, wadda ta zama Haiti a yau, ba ta faɗa hannun Ingila ba a yaƙin. Idan aka dawo da Guadeloupe da Martinique aka haɗa da ita, cinikin ya koma yadda yake.

Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu yin mazarƙwaila ya san rake ba ya jira. In an sare shi, dole a matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu, a dafa ruwan nan take, in ba haka ba ya yi tsami. Ka ninka wannan aikin sau ɗaruruwa, ka sa shi ya yi ta gudana dare da rana tsawon watannin girbi, ka ga gonar rake ta Karibiyan. Bayi ne ke sara, bayi ne ke cusa raken tsakanin manyan ƙarafan matsa da iska ko shanu ke juyawa, bayi ne ke tsaye kan tukwanen tagulla cikin zafin da ba ya misaltuwa. A wurare da dama akan ajiye adda kusa da injin matsar, domin in barci ya ɗauki mai cusawa ƙarfe ya kama masa yatsu, a datse hannun kafin injin ya ja sauran jikin. Masu mutuwa a gonakin sun fi waɗanda ake haifa yawa, don haka kowace shekara sai an kawo sababbin mutane daga Afirka. Cikin 'yan shekarun da Ingilishi suka riƙe Guadeloupe, 'yan kasuwarsu sun jibge dubban bayi a tsibirin, noma ya bunƙasa, wato Faransa ta karɓi tsibirin da ya fi wanda aka ƙwace mata daraja. Ribar da ake yabon Choiseul da cetowa, wannan ce.

In ka jera abubuwan da ya kafe a kansu za ka ga ba tsinto su ya yi barkatai ba, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Tsibiran rake suna buƙatar bayi, sai ya nemi a mayar masa da tsibirin Gorée a gaɓar Senegal. Cinikin gaɓar Afirka yana buƙatar yadi, sai ya nemi rumfunan kasuwancinsa na Indiya, su Pondicherry da Chandernagore. Dukkansu kuma suna buƙatar jiragen ruwa da mutanen da suka iya tuƙa su, kuma a nan ne maganar kifi ta shigo, wadda a wurina ita ce zuciyar yarjejeniyar, ta fi ma maganar Guadeloupe nauyi.

A tekun da ke gaban tsibirin Newfoundland, a gabashin Kanada, akwai wani babban kifin ruwan sanyi da ake yi wa gishiri a shanya. Kasuwarsa babba ce a ƙasashen Katolika, inda ake da ranaku masu yawa a shekara da ba a cin nama. Amma ba kuɗin kifin kaɗai Faransa ke hange ba. Kowace shekara dubban matasa daga gaɓar Brittany da Normandy suna tafiya wannan su, suna koyon hawa itacen jirgi cikin guguwa da hazo, kuma sunayensu na cikin rajistar gwamnati, in yaƙi ya tashi a kira su cikin rundunar ruwa. Ana iya sare itace a gina jirgin yaƙi cikin shekara ɗaya ko biyu, amma ba a yin matuƙin teku cikin shekara biyu. Pitt ya san haka sarai. A tattaunawar 1761 ya so ya hana Faransa su a wannan tekun kwata-kwata, Choiseul kuma ya gwammace a ci gaba da yaƙi da ya yarda, wannan na cikin abubuwan da suka rusa zaman. A ƙarshe Faransa ta samu izinin su da shanya kifi a wani sashe na gaɓar Newfoundland, da ƙananan tsibirai biyu, Saint-Pierre da Miquelon, bisa sharaɗin ba za ta gina musu ganuwa ba, ba kuma za ta ajiye fiye da mutum 50 na tsaro ba. Har gobe tsibiran nan na Faransa ne, a ƙofar Kanada, da mutane wajen dubu shida.

A Landan ma ba baki ɗaya aka yi ba. Daga 1760 aka yi ta buga ƙasidu ana jayayya: Kanada za a riƙe ko Guadeloupe? Masu son tsibirin suna da hujjar kuɗi, suna kuma da wata hujjar da ta fi ta kuɗi zurfi. Suka ce tsoron Faransawan Kanada ne ke sa mutanen Boston da Virginia suke manne da Ingila, ranar da aka kawar da wannan tsoron za su fara tambayar amfanin sarki a wurinsu. Benjamin Franklin, wanda ke Landan a lokacin, ya rubuta ƙasida a 1760 yana goyon bayan riƙe Kanada, yana cewa yankunan nan da suka kasa haɗa kai su yaƙi Faransawa ba za su taɓa haɗa kai su yaƙi uwarsu ba, sai fa in an gallaza musu. Shekara goma sha shida bayan haka shi ɗin yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ɓallewa daga Ingila. Su kuma masu gonakin rake na Jamaika da Barbados, waɗanda ke da baki a majalisa, ba sa son sukarin Guadeloupe ya shigo kasuwar Ingila ya karya musu farashi. Littattafai da yawa suna ɗora hukuncin kacokan a kansu. Ni ina ganin sun taimaka, amma ba su ne suka yanke ba. Don tsaron yankunan Amurka aka fara yaƙin, kuma babu gwamnatin da za ta iya tsayawa gaban majalisa ta ce an zubar da jini shekara bakwai sannan an mayar da Faransawa inda suke.

Abin da ya sa Faransa ta samu rangwame fiye da yadda ƙarfinta a fagen fama ya cancanta shi ne canjin da aka samu a fadar Ingila. Sarki George na Biyu ya mutu a Oktoban 1760, jikansa George na Uku ya hau yana ɗan shekara 22, kuma shi da malaminsa Bute sun ƙosa a gama yaƙin. Pitt ya ajiye aiki a Oktoban 1761 da abokan aikinsa suka ƙi yarda a riga Sifaniya kai hari. Wanda aka tura Faris yin ciniki, Duke na Bedford, mutum ne da ya yi imanin cewa in Ingila ta haɗiye komai, Turai duka za ta haɗu a kanta.

Sifaniya ta shiga yaƙin a farkon 1762 don taimakon Faransa, domin sarakunan biyu, Charles na Uku da Louis na Goma Sha Biyar, 'yan gida ɗaya ne. Shigar ba ta yi mata daɗi ba. Cikin watanni ta rasa Havana, mabuɗin daularta a Karibiyan, duk da cewa ciwon shawara ya kashe sojan Ingila a can fiye da yadda harsashi ya kashe. Labarin ya iso Landan ana tsakiyar ciniki, sai ministoci suka ce ba za a mayar da Havana a banza ba, Sifaniya ta ba da Florida. Don Charles ya haɗiye wannan ya sa hannu, Louis ya ba shi Louisiana, wato New Orleans da duk ƙasar da ke yamma da kogin Mississippi, a wata yarjejeniyar sirri da aka ƙulla a Fontainebleau ranar 3 ga Nuwamban 1762. Faransawan da ke zaune a can sai a 1764 suka ji cewa an yi kyauta da su. Manila ta Filifin ma ta faɗi a Oktoban 1762, amma labarin bai iso Turai ba sai bayan an gama sa hannu, don haka aka mayar da ita ba tare da an karɓi wata ƙasa a madadinta ba. Ka lura, Louisiana ta fi Guadeloupe girma nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya ƙwace ta da yaƙi, amma Faransa ta ba da ita ba ta ko waiwaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka darajar fili a idonsu.

A watan Disamban 1762 aka kawo daftarin gaban majalisar wakilai. An shigo da Pitt a tallafe, ƙafafunsa naɗe da tsumma saboda ciwon gaɓoɓi, ya yi sama da awa uku yana magana, wani lokaci a tsaye wani lokaci a zaune. Jigon maganarsa shi ne an mayar wa Faransa ainihin abubuwan da za ta sake gina ƙarfinta na teku da su. Aka kaɗa ƙuri'a, 319 suka amince, 65 suka ƙi. Ranar 10 ga Fabrairun 1763 aka sa hannu a Faris. Ingila ta tashi da Kanada, da duk ƙasar da ke gabas da Mississippi ban da New Orleans, da Florida, da tsibiran Grenada, Dominica, Saint Vincent da Tobago, da kogin Senegal, aka kuma mayar mata da Minorca. Faransa ta karɓi Guadeloupe, Martinique, Saint Lucia, Gorée da rumfunanta na Indiya, bisa sharaɗin ba soja ba ganuwa a Bengal. An bai wa Faransawan Kanada wata 18 su sayar da kayansu su tafi in suna so, waɗanda suka zauna kuma aka yi musu alkawarin yin addininsu na Katolika gwargwadon yadda dokokin Ingila suka yarda. Kwana biyar bayan haka Prussia da Ostiriya suka yi nasu sulhun a Hubertusburg, kowa ya koma iyakarsa ta da, bayan duk rayukan da aka yi asara.

Indiya ba ta buƙatar dogon bayani a nan. Tun yaƙin Plassey na 1757 kamfanin Ingila mai cinikin Indiya ya zama mai naɗa sarki a Bengal, yarjejeniyar ta cire masa kishiya ne kawai. A 1765 ya karɓi ikon tara harajin Bengal daga hannun sarkin Mughal, Shah Alam na Biyu.

Yanzu ga abin da mai nasara ya tarar. Ƙasar da aka ja wa layi a tsakiyar Mississippi tana da masu ita, kuma babu ko ɗayansu a teburin Faris. Ƙabilun Ottawa, Ojibwe, Shawnee, Delaware da sauransu ba su ɗauki kansu talakawan sarkin Faransa ba, balle ya ba da su. A wurinsu Faransawa baƙi ne da ke biyan haƙƙin zama ta hanyar kyautar albarushi, bindigogi da barguna. Kwamandan Ingila, Jeffery Amherst, ya ga wannan a matsayin ɓarnar kuɗi, ya tsuke kyautar, ya rage sayar musu da albarushin da suke farauta da shi. Wata uku da sa hannu, a Mayun 1763, Pontiac na ƙabilar Ottawa ya yi wa sansanin Detroit ƙawanya, cikin makonni sansanoni takwas suka faɗi. A wannan yaƙin ne jami'an Fort Pitt suka miƙa wa wakilan Delaware barguna daga ɗakin masu ciwon agana. A watan Oktoba sarki ya fitar da shela ya ja layi a kan tsaunukan Appalachia, ya hana Turawan yankunan tsallakawa yamma su kama fili. Mutane irin su Washington, waɗanda suka yi yaƙin da sa ran wannan filin, suka ga an ci da guminsu an hana su.

Sai bashi. Kafin yaƙin ana bin gwamnatin Ingila wajen fam miliyan 75, bayansa ya haura miliyan 130. Ga sabuwar ƙasa mai faɗi da aka yanke shawarar ajiye mata soja wajen dubu goma. Wa zai biya? Majalisa ta ce Amurkawa su kawo nasu kason: harajin sukari a 1764, harajin hatimin takardu a 1765, wasu kuma a 1767. Amurkawa suka ce ba su da wakili a majalisar da ke yanka musu haraji, kuma, abin da ba su cika faɗa da ƙarfi ba, babu sauran Bafaranshe a bayan gida da zai sa su yi haƙuri. Dokar Quebec ta 1774, wadda ta lallashi Faransawan Kanada ta hanyar tabbatar musu da addininsu da dokokinsu na gado ta kuma miƙa iyakarsu har kogin Ohio, ta ƙara hura wutar. A 1775 aka fara harbi.

Za ka ji ana cewa Choiseul tarko ya ɗana, da gangan ya saki Kanada don Amurka ta ɓalle. Wannan ƙarin gishiri ne. Bai saki abin da ke hannunsa ba. Abin da ke tabbas shi ne ya hango ɓarakar da wuri: ya ambace ta a wani rahoto da ya rubuta wa sarki a 1765, a 1768 kuma wani jami'i da ya tura a ɓoye, Johann de Kalb, ya zaga yankunan yana auna zafin fushinsu. Ya kuma dage wajen sake gina rundunar ruwa, har ya sa birane da larduna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka yi karo-karo kowa ya sayi jirgin yaƙi ya bai wa sarki. Ɗaya daga cikin jiragen nan, wanda birnin Faris ya biya kuma aka sa masa sunan birnin, shi ne jirgin Admiral de Grasse a 1781 lokacin da ya tare mashigin Chesapeake ya hana a kai wa sojan Ingila ɗauki a Yorktown, a yaƙin ɓallewar Amurka. An sauke Choiseul tun 1770, amma rundunar da ta yi wannan aiki shi ya aza harsashinta, kuma Pitt bai yi ƙarya ba a majalisa.

Inda lissafinsa ya gaza shi ne bai sa mutane a ciki ba, sai a matsayin kaya. Da ya so ya maye gurbin Kanada da wata ƙasar Turawa zalla, ya kwashi mutum sama da dubu goma, da yawansu daga Alsace da Jamus, ya zuba su a Kourou ta Guiana daga 1763 ba tare da isasshen shiri ba, zazzaɓi da yunwa suka kashe mafi yawansu. Tsibiran raken kuwa sun yi ta zuba kuɗi har kusan shekara talatin, sannan a 1791 bayin Saint-Domingue suka tashi. Napoleon ya karɓo Louisiana daga Sifaniya a 1800 da niyyar ta riƙa ciyar da tsibirin, ya tura runduna ta murƙushe tawayen, rundunar ta ƙare a hannun mayaƙan baƙar fata da ciwon shawara. Da tsibirin ya kuɓuce, Louisiana ba ta da sauran amfani a wurinsa, ya sayar wa Amurka a 1803 kan dala miliyan 15. Su kuwa manoman nan dubu sittin da aka bari a bakin St. Lawrence, jikokinsu miliyoyi ne a yau, suna nan da harshensu.

Akwai sashe ɗaya na yarjejeniyar da tambayarka ba ta taɓo ba, kuma shi ya fi kusa da mu: sashe na 10, na Senegal. Ingilishi sun ƙwace Saint-Louis, a bakin kogin Senegal, a 1758, bisa shawarar wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Cumming, kuma abin da suke nema shi ne ƙaro. Ƙaron nan dai da ake tsinka a jikin itacen dakwara a Yobe da Borno da Nijar da Chadi da Sudan. Masana'antun buga zane a kan yadi da siliki a Turai ba sa iya aiki sai da shi, domin shi ke riƙe rini ya zauna inda aka ɗora shi, kuma a lokacin kusan duk wanda ake kaiwa Turai daga hannun Larabawan Trarza da Brakna na arewacin kogin yake fitowa. Kafin yaƙin, masu masana'antun Ingila ta hannun wasu suke saye da tsada. Shi ya sa a 1763 suka mayar da Gorée suka riƙe kogin, a 1765 kuma suka haɗa shi da Gambiya suka kira shi Senegambia, yankin farko a Afirka ta Yamma da gwamnatin Ingila ta mulka kai tsaye ba ta hannun kamfani ba.

Bai daɗe a hannunsu ba. Faransa ta ƙwato Saint-Louis a 1779, sulhun 1783 ya tabbatar mata da shi, Ingila ta sake kama shi a 1809, ta mayar a 1817. Ba zan ce yarjejeniyar 1763 ce ta kawo Faransawa ƙasar Hausa ba, tsakanin abubuwan biyu akwai shekara fiye da ɗari da dalilai masu yawa. Amma saboda Gorée da aka bar mata ne Faransa ba ta rasa wannan gaɓar gaba ɗaya ba a wancan zagayen, kuma daga Saint-Louis ne Gwamna Faidherbe ya fara hawa kogin da soja daga 1854. Waɗanda suka biyo bayansa suka isa Bamako a 1883, Tumbutu a 1894, suka shiga Damagaram a 1899, inda Zinder ta zama hedikwatar mulkinsu a Nijar har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai.